Arap Sigei Mai Harbin Hadari

Arap Sigei bai taɓa yafe wa ƙanƙara ba. Yana yaro ta sauko wa ƙauyensu da ke gefen Kericho a ƙasar Kenya, ta kwantar da tambar ubansa, ta bar gonar kamar an yi sussuka. Yunwar da ta biyo baya ce ta ɗauke ƙanwarsa. Tun daga nan, in hadari ya haɗo kowa ya ruga ɗaki, shi sai ya tsaya bakin ƙofa yana hararar sama.

Shi ya sa da kamfanin shayi ya nemi masu harba roka cikin gajimare, shi kaɗai ya fito a ƙauyen. Rokar tana ɗauke da wani garin magani. In ta fashe can sama, ƙanƙarar da za ta zo kamar ƙwan kaza sai ta tashi ƙanana, ta narke kafin ta iso ƙasa. Wata rana abin ya ci, wata rana ya ƙi. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, ranar da ya ƙi kaɗai suke riƙewa. Suka ce yana koro musu ƙanƙarar kamfani, suka ce yana tsokanar mai sama.

"Ga mai dambe da Ubangiji nan!" in ji 'yan kasuwa.

"Kai in kura ta shigo garkenka gaishe ta kake yi?" Haka yake mayar musu, ya wuce abinsa.

Bakin mutane bai taɓa damunsa ba sai da 'yarsa Chelangat ta isa aure. Ita da wani saurayi, Kiplimo, son juna suke yi kamar me. Ranar neman auren, dangin yaron suka cika ɗaki, aka zagaya da gorar nono, aka shiga batun shanu. A al'ada, uban yarinya ba ya tashi daga wannan zama sai an shafa wa baƙi man shanu, alamar an ba su yarinyar. Wanda ya tashi kafin nan, ya hana ke nan.

Can sai arap Chumo, uban yaron, ya gyara murya. "Shanu ba su ne matsala ba, arap Sigei. Sharaɗinmu ɗaya, ka ajiye bindigar rokar nan taka. Ba za mu kai jinin mai harbin sama gidanmu ba, tsawa ta biyo jikokinmu."

Bai rufe baki ba aka ji ƙarfen kan tudu yana kuka, wanda ake bugawa in hadarin ƙanƙara ya taso. Ɗakin ya yi duhu. Matar arap Sigei, Tapsabei, ta riƙo gefen bargonsa.

"Baban Chelangat, don Allah zauna. Na yau kaɗai."

Ya so ya zauna, wallahi ya so. Amma ya leƙa ya ga gindin hadarin ya yi wannan koren da ya sani, ga masarar gari duk ta yi goyo.

"Arap Chumo, har da gonarka a ƙarƙashinsa," ya ce. Ya zare bargonsa ya fita.

Ya harba duk abin da ke hannunsa a ranar, yana harbi yana zagi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da 'yar ƙanƙara tsilla-tsilla. Ko rokar ce, ko dama haka zai sauka, ba mai iya rantsewa.

Ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar baƙi sun watse, ga man shanu a ƙoƙo ba a taɓa ba. Chelangat na zaune bakin murhu da adonta, idanunta sun kumbura. Mutumin da bai taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba ya kasa dubanta.

"Baba, hadarin fa, ka same shi?"

"Na same shi."

Ta share fuska da bayan hannu, ta tura masa kujera kusa da wuta.

"To gara. Da ka ɓata min aure kuma ka kuskure shi, da ban yafe maka ba."