Tahiru Mai Birki da Gwangwanin Ɗanasabe

Mu goma sha ɗaya muka raka Tahiru makwancinsa, na ƙirga da idona. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin Agiye, a ce direba ko ɗaya bai bar tasha ya zo ya ɗauki makararsa ba! Abin yana ci mini rai har yau, shi ya sa zan faɗi abin da na sani.

Ni Habu mai faci ne. Rumfata da tasa jingine suke a bakin kwalta, kusa da tasha. Daga Gidan Sori ya zo yana saurayi, ya koyi aiki a Maradi, ya dawo nan ya kafa rumfa. Bai taɓa cewa ya iya inji ba. In ka kawo masa mota tana tari sai ya nuna maka gaba, shi birki kawai ya sani. Baƙi ne siriri, ba ya dariya sai dole, ga faɗan tsiya. Direban da ya daddale bututun birki da guduma don ya tsaida yoyo, Tahiru zai zage shi tas a gaban fasinjoji, sannan ya shiga ƙarƙashi ya gyara.

Abu ɗaya ne yake da sanyin hannu a kansa. A nan wurinmu mutane sun yarda man birki yana kashe makero, wannan ƙurjin da ke cin kan yara ya bar fari-fari. Mata kan zo da 'yar kwalba, ya ɗiga musu kyauta, har ya nuna yadda za a shafa da auduga. Ni ma an shafa wa nawa yaran, ba zan yi ƙarya ba.

Ɗanasabe yana cikin direbobinsa na kullum. Farar motar haya gare shi mai kujera goma sha tara, yana jigila tsakanin Agiye da Gazawa. Shekara biyar ke nan, ana gama yankan gero, ya kawo ta Tahiru ya sake mata robobin famfon birki, famfon da ke tura mai zuwa ƙafafu in an taka. Ɗanasabe ya sayi sabon gwangwanin man birki a wurinsa ya tafi. Kwana ashirin bayan haka, ranar kasuwar Gazawa, yana shiga gari da mota cike, amalanken shanu ta ratsa hanya. Waɗanda suka tsira sun ce sun ji yana dukan birki da ƙafa yana salati, motar ko gezau. Gabansa mata ne da ƙwarya a kai, sai ya karkata ya nufi gawo. Shi da fasinjoji biyu nan take suka cika.

Kafin a yi musu sutura magana ta zaga tasha: aikin Tahiru ne. Jandarma suka kira shi. Ya roƙi kumandan a bar shi ya duba motar da hannunsa, in laifinsa ne zai faɗa da bakinsa. Aka yarda. Na rufe rumfa na bi shi, don na san in sunansa ya ɓaci a birki, ya gama cin abinci a garin nan.

Motar tana harabar jandarma, gabanta ya shige ciki, jini ya bushe a kujera. Tahiru bai kalli kujerar ba. Ya kwanta ya bi bututun birki ɗaya bayan ɗaya da yatsa, daga gaba har baya, babu tsagewa, babu danshi. Ya sa na cire ƙafafun, ya duba takalman birkin, da sauran namansu sosai. Ya leƙa tulun man birkin, cike yake har wuya. A nan na ga fuskarsa ta sake, don motar da birkinta ya tsinke ya kamata a tarar man ya zube. Ya danna birkin da tafin hannu, ya tafi har ƙasa ba turjiya, kamar ka taka ɓawon ayaba.

Sai ya kwance famfon. Robobin da ya sa da hannunsa kwana ashirin da suka wuce sun kumbura, sun yi laushi kamar wake da ya kwana a ruwa, ɗaya har ta yage. Ya daɗe yana murza ta. Ya ce mini sabuwar roba ba ta yin haka don kanta, wani abu ta sha.

Ya aike ni wurin mai shayi na aro kofin gilashi da ruwa. Ya ɗiga man tulun a ciki. Man birki na gaskiya narkewa yake cikin ruwa, wannan kuwa rabi ya narke, rabi ya taso sama ya yi ido-ido. Ya laluba ƙarƙashin kujerar direba ya zaro gwangwanin da ya sayar wa marigayin, ya gwada, shi ma haka. Wani ya zuba wani mai dabam a gwangwanin, Ɗanasabe ya ƙara a mota bai sani ba, man ya cinye robobin a hankali har ranar da suka saki gaba ɗaya.

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce mu tafi buron kumandan, wato ofishinsa, yanzu da kofin a hannu. Ya ce a'a, shi ya sayar da gwangwanin a rufe, sai ya san inda aka buɗe shi. Ya zubar da ruwan, ya gaya wa jandarman da ke gadi zai dawo da safe.

Da la'asar muka je gidan Ɗanasabe gaisuwa. Mazan da ke zaune a ƙofa suka amsa mana da ƙyar. Tahiru ya nemi a yi masa iso wurin matar, Lubabatu, tela ce, kekenta na nan a rumfar tsakar gida an lulluɓe shi da zane. Tana daga cikin ɗaki bayan labule, mu muna tsugune a waje. Lubabatu ba ta riga ta yarda da maganar tasha ba, ta karɓi gaisuwarsa tana kuka tana kiransa Baba. 'Yarta Munira, mai shekara shida, ta fito ta tsaya kusa da mu, gashi ya fara tsirowa inda makero ya ci. Tahiru ya dafa kanta ya ce ashe an samu sauƙi.

Lubabatu ta ce ai maganinsa ne, ranar da ta tsaya rumfarsa ya ce ta shafa man birki, akwai shi a motar maigidanta. Ta ce da maƙwabta suka ga ya yi, sai kowa ta kawo kwalbarta, ita kuma ba ta iya hanawa.

“Da na ga gwangwanin ya yi rabi, Baba, sai tsoron faɗansa ya kama ni, na cika masa da man kekena. Kalarsu ɗaya, bai ma gane ba. Yanzu ga shi ko faɗan nasa nake nema ban samu ba.”

Ta faɗe shi ne kawai cikin kewar miji, ba ta san abin da ta faɗa ba. Tahiru ya ɗauke hannunsa daga kan yarinyar a hankali, ya yi addu'a, muka fito.

A hanya na tsare shi, na ce gobe sai ya faɗa. Ya tambaye ni, in ya faɗa, wa zai zauna da ita a gidan nan, tsakanin uwar miji da 'yan'uwansa? Dangin fasinjoji biyun fa? Munira kuma ta girma ana nuna uwarta? Na ce to shi fa, nasa 'ya'yan ƙasa za su ci? Ya tsaya ya dube ni.

“Habu, wa ya aike ta wurin gwangwanin? Ni da na san abin da ke cikinsa, ni na mai da shi maganin ƙurji. Ita ɗinki ta sani.”

Ya sa na rantse ba zan bari ya kai kunnenta ba. Na rantse ina zaginsa.

Da safe ya gaya wa kumandan robobin famfo ne suka saki, kuma shi ya sa su. Bai yi ƙarya ba, rabin gaskiyar ya ajiye. Aka riƙe shi kwanaki, daga baya dangin mamatan suka ce sun bar wa Allah, aka sallame shi. Tasha ce ba ta sallame shi ba. Direbobin da ya yi shekaru yana tsare musu rai suka koma kai motocinsu Tasawa da Maradi. In ya ratsa, sai ka ji wani ya ce a taka a hankali ga mai birki nan. Matan da suka zo da kwalba kuwa korarsu ya shiga yi da tsawa, suka ce baƙin hali ya ƙaru masa. Ya bi direbobi yana cewa kowa ya kulle gwangwaninsa, ba wanda ya saurare shi.

Ƙarshe amalanke ya koma gyarawa, ta jaki da ta shanu, yana sake musu ƙarfen ƙafa. Na taɓa tsokanarsa na ce ya samu abin da ba shi da birki. Bai yi dariya ba, ni ma na yi da-na-sani.

Lubabatu ta fita takaba, maganar gari ta shige ta. Ta daina kiransa Baba. In hanya ta biyo da ita ta gaban rumfarmu sai ta ja hannun Munira su tsallaka kwalta. Rana ɗaya ta tsaya daga can ta ɗaga murya ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi. Na miƙe, ya riƙe mini riga, ya ci gaba da ɗaure ƙusarsa.

Ciwon ƙirji ya ɗauke Tahiru a daminar bana. Kwana uku da binne shi, Lubabatu ta biyo da Munira za ta kai ta lakol, makarantar boko, kan yarinyar cike da kitso. Wannan karon ba ta tsallaka ba. Ta tsaya ta dubi rumfar da babu kowa, ta ce mini ta ji labari, yanzu ya je inda zai yi wa baban Munira bayani.

Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Na dubi kitson yarinyar, na sunkuya na tsoma tayar da ke hannuna cikin ruwa kamar ina neman huji. Na ce mata su yi sauri, an kusa buga ƙararrawa.