Takalmin Aro a Puri Kabut

Duk wanda ya taɓa aiki a Puri Kabut, wurin wasan nan na kan tsaunin Batu, ya san Warsiti, kuma ba alheri zai faɗa maka a kanta ba. Ita ce mai tsaron ƙofar gidan abinci na sama, can a ƙololuwar fadar bogin da aka gina don masu ɗaukar hoto. A ƙasa kowa ya sha baksonsa, miyar curin nama, a tsaye da gajeren wando, babu ruwan kowa. A sama kuwa sai da riga mai kwala ko ta batik, atamfar ƙasar, da dogon wando, da takalmi rufaffe. Ban da silifa, ban da zanen sarung. Warsiti ba ta duban fuska, daga ƙafa take yanke wa mutum hukunci.

Filin da lilon nan mai wulwula mutane yake kai, gonar tuffar uban Warsiti ce. Tsohon bai yi arba'in a kabari ba yayanta Kasmudi ya sayar wa kamfani, ya tafi Makka, ya dawo Alhaji, ya buɗe shagon kayan gini. Ita kuwa ya ce ai mace ce, mijinta zai riƙe ta. Mijin ya tafi Jakarta neman aiki, har yau shiru kake ji. Ta kama shara a kan ƙasar ubanta. Daga nan aka cusa ta cikin rigar zomon wasa mai ƙaton kai, tana ɗaga wa yara hannu, gumi yana bin gadon bayanta. Ta ci baƙar wuya kafin ta hau matakalar nan, kuma ba ta yafe ko taku ɗaya ba.

Abu guda ne ya hana ta tsine wa gidan Kasmudi gaba ɗaya, wato Laras, 'yarsa. Uwar ta rasu yarinyar tana rarrafe, Warsiti ce ta goya ta, ta yaye ta. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Har yanzu duk Juma'a Laras tana zuwa ɗakinta da soyayyen tempe na waken soya a ganyen ayaba, su ci, su yi gulmar duniya. A duk garin Batu ita kaɗai ke kiran Warsiti da wani suna ba "ke" ba.

Laras ɗin ce ta zo mata da maganar. Iyayen saurayinta za su taso daga Surabaya ranar Lahadi, Baba ya kama tebur a sama.

"Gwaggo, don Allah ki rufa mana asiri. Kin san Baba da sarung."

"Na ji," in ji Warsiti.

Har ga Allah da niyyar rufa asirin ta tashi. Ba yau aka fara ba. In wani Alhaji ya zo da sarung, a kai shi teburin lungu, manaja ya kau da kai, shi ke nan.

Sai ga su da azahar. Kasmudi a gaba, sarung na siliki yana ƙyalli, farar hula, fade na fata. Bayansa surukan, miji da mata da ɗansu, duk sun sha batik, sai Laras a ƙarshe. Da ya iso bakin jan kafet sai ya yi abin da duk ɗan mutunci yake yi a ƙofar gidan mutane, ya tuɓe takalmansa. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma sai ya sa ƙafa ya tura su gabanta, ko kallonta bai yi ba.

"Ke, kula min da su."

Wallahi ji ta yi kamar an sake kifa mata kan zomon nan.

"Ranka ya daɗe, nan ba masallaci ba ne," ta ce, da muryar aiki mai sanyi, wadda har teburin ƙarshe ana jinta. "Ba a shiga ba takalmi. Ba a shiga da silifa. Ba a shiga da zane."

"Zane? Da wannan na yi sallar Idi!"

"Allah ya karɓa. Ga doka can a allo, ko a karanta maka?"

Ya matso, ya rage murya. "Ke, kina hauka ne? Ƙasar ubana nake takawa."

"Ka sayar ai. Yanzu ta masu wando ce."

"'Yar baƙin ciki! Haka za ki ƙare, gadin ƙofar wasu."

"Gara gadi da cin gadon marayu, Alhaji."

Masu cin naman da aka yo oda daga ƙasar waje sun ajiye wuƙa suna kallo. Uban saurayin ya duƙufa kan wayarsa. Warsiti ta buɗe kabad ɗin kayan aro, ta zaro baƙin wando irin na masu kai abinci, da wasu takalma shirim waɗanda wani Bature ya manta. Ta san da daidai ƙafarsa a ciki, ta ƙi ɗaukowa. Ya shiga banɗaki ya fito, wando ya tsaya masa a ƙwauri, sarung ɗin a naɗe a hammata. Ya sunkuya, ya kasa ɗaure igiyar takalmin. Daɗi ya kama Warsiti har wuya. Shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta ga ƙeyar Kasmudi a sunkuye gabanta.

Sai Laras ta durƙusa a kan kafet da sabon leshinta, ta cusa takardar goge baki a gaban kowane takalmi, ta ɗaure wa ubanta igiya. Ba ta yi kuka ba. Kunnuwanta ne kawai suka yi ja.

Uwar saurayin ta dubi Warsiti, ta dubi Kasmudi. Hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya, makaho ma ya shafa ya gane.

"Laras, kun san matar nan ne?"

Yarinyar ta miƙe, ta karkaɗe gwiwarta. Ta kalli gwaggon da ta goya ta ido cikin ido.

"A'a, Mama. Ma'aikaciyar wurin ce." Ta ɗauki faden ubanta ta miƙa mata. "Ke, ajiye mana waɗannan."

Warsiti ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya musu. Suka wuce ciki, takalman aron suna ƙwas-ƙwas a ƙafar Kasmudi.

Ranar Juma'a ta dafa shinkafar mutum biyu, ta bar ƙofa a buɗe har shinkafar ta sandare a tukunya.