Magen da take jin Hausa

Ina wanke kwanuka a gidan kula da maguna da nake zuwa taimako a Baiyun, can ƙasar Sin, sai Ayi, tsohuwar 'yar Sin mai wurin, ta ja ni zuwa wani keji.

Wata farar mage ce ta lafe a lungu. A unguwar Sanyuanli aka tsinto ta, kwana uku ta ƙi cin komai. Ayi ta kira "mimi, mimi", yadda 'yan Sin ke kiran mage, har ta gaji.

Tausayi ya sa bakina ya suɓuce: "Haba 'yar nan, zo ki ci abinci mana."

Wallahi sai ta ɗaga kunne, ta taso, ta goga kanta a hannuna, ta hau cin kifi!

Ayi ta zaro ido. "Me kika ce mata?"

Na ce, "Yarenmu ne. Da alama Bahaushe ne ya raine ta."

Ta ce, "To, koya min!"

Yanzu kullum Ayi da "zo ki ci" take kiranta, magen har ta yi ƙiba.

Ashe dabba ma tana kewar harshen gida. Ku fa, wace kalma ce take sanyaya muku zuciya a baƙon wuri?