Kawu Kurma, Wanda Muka Shafa wa Fatiha Yana Zaune

Daga Allah muka fito, kuma babu mai tsallake komawa gare Shi. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, Baba ya cika." An sallace ka bayan la'asar. Tun daga ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin ban san da wace fuska zan yi maka magana ba, Kawu.

Waɗanda ba su riske ka a kan dandamali ba za su zaci kurma ne kai. Sam. Sunan ya bi ka ne daga wani wasan barkwanci da ka fito a matsayin kawun da ba ya jin komai sai maganar abinci. Garin nan ya yi dariya har ya manta sunanka na yanka, kai kuwa ba ka taɓa gyara wa kowa ba.

Tsohon gidan wasan kwaikwayo na bayan kasuwa, asalinsa sito ne na auduga da aka yi watsi da shi. Kai da abokanka, wani kafinta da wani makaɗi, kuka share kashin jemagu, kuka haɗa dandamali da katakon akwatuna, matanku suka ɗinka labule da buhuna. Rufin kwano ne, idan ruwan sama ya sauko ba a jin murya. Maimakon ka tsayar da wasa, sai ka dubi sama ka ce, "Ga surukina ya iso, ku bari ya gama surutunsa." Mutane su kwashe da dariya, su zauna har ruwa ya tsagaita. Da hukuma ta sa wa ƙofar kwaɗo saboda wasan da ka yi kan shugabannin gari, a bakin ƙofar kuka yi wasan washegari, jama'a na tsaye a titi.

Ni kaina kai ka roƙo ni. Mahaifina tela ne, kuma a wurinsa wasan kwaikwayo shashanci ne. Ka je shagonsa ka zauna kana zura masa zare a allura, ba ka ambaci wasa ba sai da kuka saba. Ranar da ya amince, cewa ya yi, "Na ba ka shi amana." Ka riƙe amanar. Ka koya mini buɗe baki don na bencin ƙarshe ya ji, ka hana ni cin abinci a tsaye, kuma da na zo aure kai ka shige gaba. Haka ka yi wa da yawa daga cikinmu. Lokacin da makaɗinku ya kwanta ciwo, a ɗakin canza kaya ka shimfiɗa masa katifa, kana jinyarsa tsakanin fitowa da fitowa a kan dandamali.

Sai talabijin da finafinai suka zo, benci ya fara zama wayam. Ɗaya bayan ɗaya muka bi kyamara. Ba ka riƙe kowa ba, har addu'a kake yi mana. Ka zauna kai kaɗai har aka rufe gidan, aka mayar da shi wurin ajiye siminti. Daga baya muka ji ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ka, 'yarka ta ɗauke ka zuwa gidanta a gefen gari. Muna ta cewa za mu je. Shekaru suka wuce, har wani ya ce ya ji ka rasu, babu kuma wanda ya taka ya bincika.

A watan jiya aka sake buɗe gidan bayan gyara: kujeru masu laushi, fitilu, labule ja. Mu ɗalibanka muka cika sahun gaba da manyan riguna. Mai gabatarwa ya karanto sunayen magabatan da suka riga mu gidan gaskiya, da naka a ciki, ya nemi a yi musu addu'a. Muka ɗaga hannu, har da ni, har da hawaye. Ashe kana can baya kusa da ƙofa, a kan keken marasa lafiya. Ka ji sanarwar bikin a rediyo, ka matsa wa 'yarka ta kawo ka, sai da ta saya maka tikiti kamar kowa.

Ita ta faɗa mana bayan an tashi. Ta ce ta yunƙura za ta yi magana, ka riƙe ta da hannunka mai lafiya ka ce, "Zauna, Uwata. Addu'a ce, ba zagi ba. Kuma ba a katse mutum yana kan dandamali." Sannan ka shafa tare da mu.

Muka zo muka durƙusa a gabanka, an rasa mai iya ɗaga kai. Kai ka fitar da mu daga kunyar. Da harshenka da ya yi nauyi ka ce, "Wanda ya karanta sunana yana haɗiye ƙarshen kalma. Wa ya koya masa?" Muka yi dariya, irin wadda kuka ya fi ta daɗi. Muka yi alkawarin shirya maka taron girmamawa na musamman. Muna nan muna jayayya kan rana da manyan baƙi, kiran 'yarka ya shigo.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa dariyar da ya sa a zukatan masu damuwa ta zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga jikokinsa da ƙannensa, musamman ga 'yarsa da ta yi jinyarsa ita kaɗai, wadda muka je gaisuwa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo mana ruwa, ba ta goranta mana ko da ido ba. Allah Ya saka miki da aljanna, Ya ba ki haƙurin rashi.

Mu kuwa, Kawu, Allah Ya karɓi addu'armu ta yau, Ya yafe mana ta ranan.