Na Yi Wa Albasa Inuwa, Na Bar Direbana A Rana

Edita, a sakaya sunana. A shekarun da abin nan ya faru ina da manyan motoci biyu masu ɗauko albasa daga Nijar ta bodar Jibiya zuwa Kano. Ina ji da kaina sosai, ga baƙar magana. Direban ɗaya motar dattijo ne mutumin Daddara, tun mahaifina na da rai yake mana tuƙi, shi ne ma ya koya min riƙe sitiyari. Baba nake ce masa, amma a baki kawai.

Al'adarmu ce mu masu motoci, in ka sayo tsohuwar mota 'yar Kwatano, kafin ta fara aiki sai ka kai ta wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya cire esi da hita, wai suna shan mai, suna kuma sa direba lalaci. Haka na yi wa wadda Baba ke tuƙawa. Garin cire-ciren aka taɓa wayar gilashi, na gefen direba ya daina sauka gaba ɗaya, ɗayan kuma rabi yake sauka. Baba ya same ni a gareji ya ce likita ya gaya masa yana da hawan jini, ga injin a ƙarƙashin kujerarsa yake, in rana ta take gaban motar kamar murhu. Ya roƙe ni ko a mayar da esin, ko a gyara gilashin. Na kwashe da dariya a gaban mutane, na ce yaushe mutumin da ya tashi a gona ya san esi, in ya gaji da aikin ya faɗa, masu nema sun yi min yawa. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Tun daga ranar sai ya riƙa jiƙa tawul yana ɗorawa a ka.

Wata bazara layin motoci ya tsaya cak a boda tun hantsi. Ƙa'idar layin kuwa, in ya motsa ba ka kan sitiyari, na baya zai shige gabanka. Na zo a ƙaramar motata, hankalina duk yana kan albasa don ta fara wari. Har tabarmi na sayo aka lulluɓe buhunan saboda rana. Baba ya buɗe ƙofa ya leƙo ya ce kansa na sarawa, yana ganin duhu-duhu, in bar shi ya sauka inuwar bishiyar bedi ko na ɗan lokaci. Na ce in ƙafarsa ta taka ƙasa ya miƙo min makullina. Na iya tuƙin motar sarai, ba abin da ya hana ni hawa in karɓe shi. Motata na koma, na ɗaga gilashi, na ƙara sanyi.

Bayan azahar layi ya motsa, motarmu ba ta motsa ba. Na taho a fusace ina faɗa, na fizge ƙofar, sai na gan shi kife a kan sitiyari, baki ya karkace, tawul ɗin ya bushe ƙamas. Direbobi suka taru suka sauko da shi. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: sai da na nemo wanda zai ja motar, na tsaya na ga albasa ta ƙetare, sannan na ce a sa shi a motata.

A hanyar asibiti sanyin ya ratsa shi, ya buɗe ido ɗaya, da ƙyar ya ce, "Alhaji, ashe haka yake da daɗi." Bai ƙara magana ba. Kwana biyu ya yi ya rasu. Albasa kuwa ta isa Kano lafiya lau. Da na je gaisuwa Daddara, matarsa ta yi ta sa min albarka, wai na ɗauki mijinta a motata da kaina kamar ubana. Na ce amin, ban gyara mata labarin ba.

Yanzu ina jin ana gardama ko ya kamata a tilasta sa esi da hita a manyan motoci. Ni dai na ce a tilasta, domin irina ba ma yi sai da dole, roƙo ba ya shigar mu. 'Yan uwana masu motoci, kafin ku kira mai wayarin, ku hau gaban motar nan da tsakar rana ku zauna awa ɗaya. Na mayar wa motocina esi, na gyara gilashi, bai rage min komai a ƙirji ba. Esin motata kuwa har yau lafiyarsa ƙalau, ni ne dai in na kai hannu zan kunna sai in ji muryar Baba, in janye.