Hambali Mai Injin Ruwa da Awarwaron da Bai Sayar Ba

Daga wurin Allah muka zo, kuma can za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Talata, 28 ga Zulhajji 1422, wato 12 ga Maris 2002, ina tsaka da ba ɗaliban Islamiyyarmu ta Kara darasin fiƙihu, sai na ga Bashari, babban ɗanka, ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Magidanci mai ladabi irin Bashari ba ya manta sallama. Tun kafin ya buɗe baki na ajiye allin da ke hannuna. Ya ce, "Baba Ƙasim, abokinka ya cika." Kafin magariba mun kai ka makwancinka.

Hambali, shekara hamsin da ɗoriya muna tare. A makarantar allo ka fi ni hadda, ni kuma na fi ka baki, sai ga shi ni duniya ta kira malam, kai kuma ka zama mai haɗa bututun famfo. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu a shekarun tamanin, aka sallame ku daga aiki ba tare da kun yi laifin komai ba. Ka sayar da kekenka da tunkiyar matarka Badi'a, ka tafi Jidda, ka yi shekara shida kana sharar bakin teku. A can ne ka ga waɗansu mutane suna shiga ruwa da asuba da wata sanda, suna fitowa da zobba da sarƙoƙin da masu wanka suka zubar.

Ranar da ka dawo, duk unguwa ta taru ganin tsaraba. Kowa ya san abin da ake dawowa da shi daga can: darduma, agogo, rediyo, zinarin uwargida. Kai kuwa sai ka zaro sanda mai wani zagayayyen abu a ƙasa kamar faifai, da abin maƙalawa a kunne. Na yi maka dariya har da hawaye. Na ce shekara shida a ƙasa mai tsarki, ba ka samo komai ba sai sandar makafi mai cin batir. Ba ka ji haushi ba. Cewa ka yi in jira rani.

Da rani ya zo, ruwan dam ɗin da ke tsakaninmu da Gude ya ja baya, sai ka kai ni ka nuna mini. Ka ce wannan injin ba irin na kan tudu ba ne, wanda baƙin yashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ke ruɗa shi. Shi yana tura bugu cikin ƙasa ne, ya saurara, in akwai ƙarfe sai ya yi kuka a kunnenka, ko da kana cikin ruwa har ƙirji. Aibinsa ɗaya: bai san zinari ba, bai san ƙusa ba, duk kukansu ɗaya. Don haka duk abin da ya yi wa kuka sai ka tono, da wani gwangwani da ka huhhuda ka ɗaura a kan gora. A cikin tono ɗari, casa'in da tara marfin kwalba ne da ƙugiyar masunta da guntun kwano. Wani zai jefar da su inda ya same su. Kai sai ka tara su a buhu ka fito da su, ka ce ai mata suna wanki a nan ba takalmi.

Wa zai ƙirga mutanen da ka share wa hawaye? Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya tafi da injin ban ruwan Dalhatu na Lakwaya, mutumin ya zauna a bakin lambunsa kamar wanda aka yi wa rasuwa, domin injin nan shi ne abincin gidansa. Kwana uku kana cikin laka, tun hantsi har la'asar, kafin ka ji kukansa a ƙarƙashin yashi, nesa da inda kowa ke zato. Ka samo makullan babura, ka samo gatura da fartanya, ka samo ɗan kunnen wata amarya da ta yi kwana biyu tana ɓoye kunnenta a cikin ɗankwali. Abin da aka ba ka kake karɓa, ba ka ciniki. Abin da ka tsinta kuma ba a aike ka ba, sai ka ƙulle shi a tsumma, ka je ƙofar masallacin Juma'a da cikin kasuwa kana cigiya. Tun kafin a fara maganar Shari'a a rediyo kai kana yin taka a cikin ruwa, ba mai ganinka sai Allah.

Ruwan nan da ya ciyar da kai shi ne ya cinye ka. Tsargiya ta kama ka tun shekarun farko, kana fitsarin jini kana cewa ba komai, ciwon masunta ne. Ta yi ta cin mararka a hankali. Da ka daure ka je asibiti a birni, aka ce sai an yi aiki, kuma a wannan zamani kowa ya san ma'anar haka: tun daga allura har zaren ɗinki, mara lafiya ne zai sayo. Muka zaga dangi da abokai, abin da aka haɗa bai kai ko'ina ba, don kowa da abin da ke cinsa. Injin kuwa babu mai saye, ba wanda ya iya jin yarensa sai kai.

A cikin wannan hali, mako guda bayan cika-ciki, injinka ya yi kuka a mashigar dam ta ɓangaren Gude, ka tono awarwaron zinari mai nauyi. Ko makaho ya riƙe shi ya san zai biya aikin nan. Ka zo zaurena bayan sallar asuba, ka ajiye shi a kan buzuna, ka ce, "Ƙasim, kai ne malami. Akwai wata ƙofa, ko sai shekarar ta cika?"

A nan ne nake son duk mai karanta wannan ya san laifina. Na san hukuncin tsintuwa: a yi cigiya shekara guda, in mai abu bai zo ba, wanda ya tsinta yana iya amfani da shi. Amma na san malamai sun yi magana a kan lalura, kuma ran mutum ba abin wasa ba ne. Kamata ya yi in ce ka ba ni kwana biyu in duba, in tambayi waɗanda suka fi ni. Ban ce ba. Lokacin Shari'a sabuwa ce a hannunmu, kowane malami yana so a ce shi ne ba ya sassauci, ni kuma ina tsoron a ce Malam Ƙasim ya buɗe wa abokinsa ƙofar cin kayan mutane. Sunana na duba, ban dubi fuskarka ba. Na ce, "Shekara shekara ce, Hambali." Ka ɗauki abinka ka mayar aljihu, ka ce, "To, madalla. Dama don in ji daga bakinka ne."

Daga ranar ba ka fasa cigiya ba. Kowace Juma'a kana ƙofar masallaci a Kabo ko a Gwarzo, kowace ranar kasuwa kana tsakanin rumfuna: wa ya yar da abin hannu a dam, ya zo ya faɗi kamarsa. Da damina ta shigo muryarka ta fara dusashewa. Da kaka ta yi, sai Bashari ne ke goya ka a babur, ka sauka ka dafa bango ka yi cigiyarka. Ina ganin rigarka tana yi maka yawa, ina kawar da kai. Mutum biyu sun zo da ƙarya, ka saurare su, ka ba su ruwa suka sha, ka sallame su cikin mutunci.

Da babbar sallah na kasa daurewa. Na je wurin manya, na buɗe littattafan da ya kamata in buɗe tun farko, na zo maka da gudu. Na ce ka sayar, in mai shi ya bayyana ni na ɗauki lamuni a wuyana. Kana kwance, sai ka yi dariyar nan taka ta tsokana. Ka ce, "Haba Malam! Ka sa na yi iyo wata goma sha ɗaya, sai yanzu da na hango gaɓa za ka ce in saki? Bari ta cika." Ba ta cika ba. Saura kwana goma sha tara ka tafi.

Ranar sadakar uku, ana cikin zaman makoki, Badi'a ta aiko a kira ni cikin gida. Na tarar da wata dattijuwa daga Gude, Hajiya Uwaliya, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, zaune a ƙasa tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Ba tare da an tambaye ta ba ta faɗi kamar awarwaron: lanƙwasa a gefe ɗaya, da wurin da maƙeri ya taɓa liƙewa daga ciki. Na kwance tsumman, haka yake.

Ta ce, "Malam, nawa ne. Tun Juma'ar farko na ji cigiyar, na san nawa ne. Shekarun baya bawan Allah nan ya yini biyu a ruwa ya samo mini keken ɗinkin 'yata da ya faɗa daga kwalekwale, na kai masa abin godiya ya ƙi karɓa, ya ce ba ya cin na wadda ba ta da miji. Sai na ce in na je na karɓa na ba shi, ba zai amsa ba. Bari in yi shiru, shekara ta cika, ya zama halalinsa ba tare da ya ji kunyata ba. Wallahi Malam, ƙirga masa kwanakin nake yi. Ban san ciwon ya kai haka ba."

Hambali, ka ji. Wata goma sha ɗaya kana neman mai abu, mai abu tana jin ka tana ɓoye fuska don ta ba ka. Ita kara ta yi maka, kai amana ka riƙe, ni kaɗai ne a cikinmu ban da uzuri. Hajiya ta ɗora awarwaron a cinyar Badi'a ta ce ta riƙe, nata ne. Badi'a ta dube shi, ta ce, "Hajiya, na gode. Amma wa za a yi wa aikin yanzu?" Sai na tashi na fita.

Na san ajali ba ya jinkiri, kuma ko an yi aikin, sai abin da Allah Ya rubuta. Da wannan nake lallashin ɗalibaina in an yi musu rashi. Ni dai har yau bai lallashe ni ba.

Ya Allah, ga bawanKa Hambali ya zo maKa hannunsa babu haƙƙin kowa. Ka jiƙansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Badi'a, da Bashari da ƙannensa Sa'a da Fatimatuz Zahra, da Hajiya Uwaliya, wadda nake roƙon Allah Ya ba ta ladan niyyarta Ya sanyaya zuciyarta, da dukkan mutanen Kara, Gude da Lakwaya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma abokina, kowa ya zo ya yafe maka a gaban gawarka, alhali ba ka da abin da za a yafe. Ni ne mai nema, kuma na makara. Ka yafe mini, Hambali.

Ƙasim Muhammad Nur, Kara, Gwarzo