Yayen Batulu

Kayen da Batulu ta sha a kasuwar Sara, har ta koma ga Allah ba ta yarda a tayar mata da zancensa. Da taubashinta ne, Maikano wanzami. Ya yi ta yi mata ƙaho a kafaɗu, ciwo ko gyara zama bai yi ba, sai ta je rumfarsa ta yi masa tatas a gaban jama'a.

"Jinina kawai ka zuƙe, ɗan mace! Ni na warke da kaina, ba da ƙahonka ba."

Tana cikin masifa ɗankwalinta ya zame ya faɗi. Maikano ya ɗauka, ya kaɗe, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe mai lafiya, ɗaura mu gani."

Hannunta ya tashi, ya zo daidai ƙirji, ya ce nan zai kwana. Furfura a waje, kasuwa na dariya. Wata mai daddawa ce ta rufa mata asiri.

A Zandam, da yaye aka san Batulu. Ko ba jikanta ba ne, in yaro ya isa barin nono ita ake kawo wa. Dokarta guda ce: a shafa wa uwa maɗaci, a raba su a rana ɗaya, ita kuma ta goya yaron tana jijjiga, tana lallaɓa shi da kunu har ya haƙura. "Abin da za ka bari, bar shi yau," in ji ta. To ga mai goyo hannu ya ƙi kaiwa baya. Da safe kafaɗu da ƙugu su sandare kamar itace, sai hantsi ya dubi ludayi suke sakinta. Iyaye suka fara kai yaransu wani gida, wannan kuwa ya fi ciwon yi mata ciwo.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama, ɗanta Salihu ya sa ta a a-kori-kura sai asibitin Birnin Kudu. Aka ɗebi jininta. Likita ya faɗi sunan ciwon, dogo kamar layin awon gyaɗa, Hambali malamin asibiti ya taƙaita mata: ciwon kafaɗu da ƙugu ne na manya. Aka ba ta 'yan ƙwayoyi farare ƙanana, sunansu firednisolon, uku kowace safiya bayan ta karya.

Kafin mako ya zagayo tana ɗaura ɗankwali, tana goyo, har daka take ƙwacewa daga hannun surukarta. Ci kuwa kamar gara. Kumatu suka cika, matan unguwa suna zuwa a asirce neman maganin ƙiba.

Da ta koma asibiti da godiyarta, sai Hambali ya ce daga yau biyu da rabi.

"Laifin me na yi?"

"Babu, Inna. Sauƙi kika samu."

"Ikon Allah! Magani ya yi aiki, shi ne za a rage masa matsayi?"

"In ya daɗe da yawa yana cin ƙashi, yana tayar da suga. A hankali za mu raba ku. Kada ki kuskura ki bari gaba ɗaya."

Ta koma gida tana juya maganar. In abin kirki ne, don me a rage? In na banza ne, don me a ci gaba? An rage sau ɗaya, an rage sau biyu, ta ce ita fa ba a koya mata rabuwa. Ta tura kwalbar ƙarƙashin gado, ta yaye kanta.

Ba a jima ba jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Amai, kasala, kafaɗu suka dawo da gayyar 'yan uwansu. A kwance aka mayar da ita Birnin Kudu. Da ta farfaɗo Hambali ya zauna ya yi mata bayani: jikin mutum yana yin irin wannan maganin da kansa, amma da ya ga ana kawo masa na waje sai ya miƙe ƙafa. In aka yanke masa farat ɗaya, babu na waje, babu na gida.

"Wato malalaci nake kiwo a cikina?"

"Kusan haka, Inna. Lallaɓa shi za mu yi ya tashi."

Aka koma baya, aka sake gangarowa. Ta sauko ɗaya, ta sauko rabi, da damina ciwo ya motsa, aka mayar da ita ɗaya.

"Yaro, gaba muke ko baya?"

"Gaba, Inna. Mun ɗan ja baya ne."

Ba ta gane ba, ba ta kuma yi kamar ta gane ba. Amma kullum safiya ta sa reza ta raba ƙwayarta yadda aka ce. Yaran yaye suka dawo gidanta.

Bayan damina biyu Maikano ya same ta a zaure da goyo a baya, tana saran 'yar ƙwaya kamar mai rabon gado. Ya kira maƙwabta shaida.

"Jama'a ku zo ku gani! Mai yayen rana ɗaya, ga ta da furfura tana tsotson rabin ƙwaya. Ina abin da za ka bari, bar shi yau?"

Batulu ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaga hannu biyu sama, ta ɗaura shi a tsanake har da gwaggwaro. Sannan ta dubi ƙafafunsa masu kama da sillen kara.

"Duk wanda na yaye a rana ɗaya, bayana na ba shi ya hau. Ni da na faɗi, wa zai goya ni? Kai?"